Yadda Roƙo Ya Cinye Mini Fatar Damisa

Mu a gidanmu na Roni dukanci muka gada. Kube, alabe, gafaka, titimi na jingina, ɗinkin laya, duk mun iya. Amma abin da Baba ya yi suna a kansa shi ne ado da kayan dawa. Ya manna fatar guza a bakin jaka, ya jera ƙayar beguwa a jikin kwari, ya goge ƙahon barewa ya yi wa wuƙa ƙota, har mutum ya ji kunyar yanka albasa da ita. A gefensa na koya, a zaure, tun ban iya riƙe basilla ba.

Sai ga shekarun nan da naira ta kori fam, kuɗin mai ya shigo ƙasa. Takalmin roba da jakar leda suka cika kasuwar Kazaure, sana'armu ta fara mutuwa a hannunmu muna kallo. Sa'o'ina duk suka ajiye basilla suka tafi lebura wajen aikin titi. Ni kuwa ba na son zuwa. Ina da mata da yara, ina da hannun aiki, kuma ban ga dalilin da zai sa in koma ɗaukar kwanon siminti ba.

Akwai wani ɗan kasuwa da yake zuwa daga Kano yana sayen kayan ado, yana kai wa masu sayar wa Turawa. Wata ranar kasuwa ya jujjuya 'yan kayana ya ce, "Malam, hannunka yana da kyau, amma waɗannan tarkace ne. Ka kawo mini babban aiki guda ɗaya, cikakkiyar fatar dawa da kanta da wutsiyarta, irin wadda ake ratayawa a bango. In ta yi, kai ne mai yi mana aiki daga nan har illa masha Allahu." Na ce to, amma a raina na ce ina zan samu? Duwatsunmu a lokacin ko gada sai an sha wuya ake ganinta.

Da damina ta kawo jiki, sai ga wani abokina Bafulatani na wajen Gwiwa ya dawo daga kudu da shanunsa. Na daɗe ina yi masa kube da igiyar rataya. Ya shigo zaure da wani abu naɗe cikin tabarma, ya warware. Fatar damisa ce, tun daga hanci har ƙarshen wutsiya, da faratanta, da gashin bakinta. Damisar ta dame su da kama maruƙa, suka taru suka kashe ta. Ya ce, "Na san kai kaɗai ne ba za ka wulaƙanta ta ba."

Ban yarda na kai wa majema ba, don sun saba da tuge gashi. Ni da kaina na kankare cikinta a hankali, na shafa gishiri, na bi da ruwan bagaruwa, na shanya a inuwa, na yi ta murza ta da man gyaɗa har ta yi laushi kamar tsohon zane. Na riga na gama aikin a kaina: baki na jar fata, ɗinki kore, tuntaye a kusurwa huɗu.

Ranar da na warware ta don in fara aunawa, sai na ga rami a tsakiyar goshin. An yanke wuri mai faɗin yatsu uku, yanka mai kyau, ba irin na ɓera ba. Na yi ta faɗa, na zargi maƙwabta, na zargi dangin matata, har na sa baiwar Allah kuka. Baba yana zaune yana ɗinki, bai ko ɗago kai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka rufe wurin da jar fata." Na haɗiye, na ce ai ado zai ɓoye.

Ashe wannan somin taɓi ne. A wajenmu, in naman dawa irin wannan ya shigo gida, fatar ba taka ba ce kai kaɗai. Kowace gaɓa tana da abin da mutane suka yarda tana yi, kuma wanda ya zo neman magani ba a sayar masa, ba a kuma hana shi. Na san da wannan al'ada sarai. Abin da ban sani ba shi ne yawan marasa lafiyar da ke ƙasar Kazaure.

Gwaggona ce ta fara. Jikanta yana firgita cikin barci, tana son ɗan gashi a yi masa hayaƙi. Baba ya ce, "Kai, kawo aska." Na kawo. Washegari ɗan dambe daga Babura, yana son farce. Sai maharbi, yana son kan wutsiya. Sai wani dattijo daga Kanya Babba da ya zo a kan jaki, wai an ce masa fatar ƙirji tana maganin faɗuwar gaba. Shi kam na so in tambaye shi, wanda ya yi wannan doguwar tafiya don ya roƙi abin mutane, wace faɗuwar gaba gare shi? Kowa ya zo sai ya ce, "Ɗan kaɗan ne, kamar ƙumba." Amma in Baba ya riƙe aska, ƙumbar nan sai ta koma tafin hannu, don shi kunya yake ji a ce gidansa an yi rowa.

Na ɗauke fatar na ɓoye a rumbu. Baƙo na gaba da ya zo, Baba ya dube ni a gabansa ya ce, "Je ka ɗauko a rumbu." Haka na hau na ɗauko, ina zufa, baƙon yana ta sa mini albarka. Ban taɓa jin haushin albarka ba sai ranar.

Da baƙon ya tafi na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar mini sauran. Wannan fatar ita ce abincin gidan nan. In ta ƙare, lebura zan tafi."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "To ko gashi ne a riƙa ba su, a daina yanka."

Ya ajiye basilla ya ce, "Mutum ya taso tun daga garinsu da ɗansa ba lafiya, ya yi sallama a ƙofata, in ce masa me? In ce Bature zai rataya a bango?"

Ni dai ban taɓa ganin wanda fatar nan ta warkar ba, ban kuma ga wanda ta kashe ba. Abin da na gani da idona shi ne aikina yana raguwa. Da ƙafafuwan suka tafi, na ce to titimi zan yi. Da gefen ya tafi, na ce jaka. Kafin kaka, abin da ya rage ya yi kama da tsumman da awaki suka tauna. Na tsinci inda ya tsira na fitar da alabe guda biyu na zuba kuɗi. Sun yi kyau, ba zan ɓoye ba, kuma kyan nasu ma haushi yake ba ni, don yana nuna mini abin da babban aikin zai zama.

Na kai wa ɗan kasuwan. Labarin fatar ya riga ya isa kunnensa, yana jira. Ya dubi alaben, ya dube ni, ya ce, "Ina damisar?"

Na ce, "Tana wuyan jama'a, daga nan har Babura."

Ya yi dariya har da ƙwalla, ya karɓi alaben, bai sake yi mini maganar aiki ba. Ni ban yi dariya ba.

Bayan an gama girbi na haɗa kayana zan bi motar masu aikin titi. Na daɗe ba na sakin fuska ga Baba, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da safen nan na shiga zaure in yi masa sallama, na durƙusa daga nesa. Ya ce, "Matso." Ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya fito da kambu, sabo, ɗinkinsa ne, ko a cikin dubu zan gane. A samansa an manna wata 'yar fata mai ɗige-ɗige, faɗin yatsu uku.

Na ce, "Baba, goshin nan ne?"

Ya ce, "Shi ne. Tun ranar da fatar ta shigo na san ba za ta kai ba, na san kuma tafiya za ka yi. Goshi na kwarjini ne. Can inda za ka, ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Na ce kafin a cinye, bari in cire maka naka."

Mutumin da na yi ta nema in ci mutuncinsa saboda ramin nan, ashe yana zaune kusa da ni yana ɗinki. Ya kama damtsena ya ɗaure mini, ya ja igiyar da haƙori kamar yadda ya saba.

Ban sake komawa dukanci ba. Har yau in na tuna fatar nan a shimfiɗe, cikakkiya, raina sai ya ɓaci, kuma ban yarda an kyauta mini ba. Kambun kuwa yana nan. Gashin ya kaɗe, ɗige-ɗigen sun dushe, amma ɗinkin Baba ko zare ɗaya bai saki ba. Shekarun baya wani maƙwabcina ya ji labari, ya zo ya ce a ɗan yankar masa kamar ƙumba, jikarsa ba lafiya. Tsohon haushin nan ya taso mini. Sannan na ce a kawo aska.