Taragon Ƙarshe na Yaya Lawali

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a nan Dakoro, amma har yau in baƙo ya shigo zaurenmu, jirginsa yake fara kallo kafin ya tuna da gaisuwa. Jirgin ƙasa ne na gwangwani, tsawonsa bai wuce tabarma ba, yana zaune a kan layin dogo na waya.

Mu nan ba mu san jirgin ƙasa ba sai a hoto. Shi Yaya ya gan shi ido da ido yana saurayi, lokacin da ya je cin rani Najeriya. Ya ce taragun buɗaɗɗu ne, cike da garmunan shanu da injinan noma. Ya dawo gida, ya zama mai gyaran rediyo, ya yi furfura, amma jirgin nan bai daina wucewa a cikin kansa ba.

Ƙera taragun bai ba shi wuya ba. Kayan da zai ɗora musu, nan aikin yake, don ya kafa wa kansa doka: ba zai ƙera abin da hannunsa bai taɓa ba. Ranar kasuwar Kornaka sai ya rufe shago, ya bi bayan rumbunan mutane yana neman tsohuwar garma ko injin shuka da tsatsa ta cinye. Awonsa karan gero ne. Kowane sashe sai ya yanka masa kara daidai tsawonsa, ya ɗaure dami ya kawo gida, sannan ya ƙera irinsa da gwangwani, yana rage awon da haƙuri har ya koma kamar ɗan yatsa. Matarsa Rabi ta taɓa ganin damin a tsakar gida ta hura wuta da shi. Ranar nan garma guda sukutum ta dafa mana tuwo, Yaya kuwa bai ci ba.

Tarago ɗaya ne ya daɗe ba kaya. Na injin ɓarar gyaɗa ne, irin na hannu wanda iyayenmu suka yi aiki da shi: kwami na ƙarfe mai raga a ƙasa, da mariƙi dogo da ake kaɗawa gaba da baya. Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga shi ko'ina, duk inda ya je sai a ce jiya-jiya aka ɗauke. Ga ciwo ya fara cin ƙarfinsa. Na ce masa ya duba hoto a salula mana ya huta. Ya ce, "Mamman, hoto ba shi da ciki. In wanga inji ya ɓace ban taɓa shi ba, ya ɓace ke nan."

Daga baya muka ji labarin ɗaya a Ajekorya, gidan wata tsohuwa, Inna Hajo. Na goya shi a babur, ina jin numfashinsa a bayana. Muka tarar kaji na ƙwai a cikin injin. Tsohuwar ta ce, "Mi za ka yi da shi, ɗana? Ko masu ƙarhe na hana ma shi." Ya durƙusa yana shafa shi, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Da ya gama awo sai ta tura yatsanta tsakanin ragar da bakin mariƙin, ta ce sirrin ke nan: in tazarar ta matse, gyaɗa ta farfashe, in ta yi yawa, ɓawo ba ya fashewa. Yaya ya zaɓi guntun kara mai kaurin yatsanta, ya sa a aljihu. Ya gama ɗan injin kafin ya kwanta ciwon ajali, ya ɗaure guntun karan da zare a jikin taragon. Inna Hajo ma ta rasu, magada suka sayar da nata.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau, da injin mai esansi, wato fetur, ya cika gari kuma esansin ya fi ƙarfin talaka. Bara matan unguwarmu masu ƙuli-ƙuli suka gaji da ɓara da hannu, suka je wurin Sha'aibu maƙeri ya yi musu injin hannu irin na da. Shi ma bai taɓa ganinsa ba. Sai ga shi a zaurenmu yana roƙon aron taragon. Rabi ta ce, "Ka kula da karan nan, ni na san tsadar shi."

Ranar gwajin injin da Sha'aibu ya ƙera aka zuba gyaɗa, wata yarinya ta kaɗa mariƙi, ƙwaya ta riƙa zubowa lafiya lau. Mun ɗauka wasa yake yi da gwangwani, ashe ajiya yake yi mana. Da mutane suka watse na tura yatsana tsakanin ragar da mariƙin. Nawa bai shiga ba, ya yi kauri. Tazarar ta Inna Hajo ce, kuma Yaya ne ya kawo ta gida a aljihunsa. Allah ya jiƙansu duka.