Ko Labule Ban Ɗaga Ba

Ina bayan labule da littafin soyayya a hannu na ji sallamar Anti Ladi, maƙwabciyarmu a Gazara, mai ara mini littattafai. Tun da ta fara yi wa mutane allurar korona Inna ta hana ni gidanta. Har shinkafar Kirsimetinta aka mayar ba a buɗe kwanon ba.

"Inna, an mayar da ni asibitin Kudan, na zo sallama."

"Allah ya kiyaye hanya. Amma tsakani da Allah, Ladi, mai gidan nan da kika yi wa allurar ai sai da ya kwanta."

"Ya kwanta, Inna, amma ya tashi."

Anti ta dubi labulen ta ce, "'Yar littafi ba za ta fito ba?"

Wallahi na so in fito in ce na yarda da ita, kunya ta hana ni har motar kayanta ta tashi. A littafi jaruma takan bi mota da gudu. Ni ko labule ban ɗaga ba.

In ku ne, da me za ku fara in kun kira ta a waya?