Rabin Kai Mai Aski

Bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da shagon askinsa, bangon ma na katako. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa, ko na gani da idona, ko ya ratso katako ya same ni a kan keken ɗinki.

Rabin Kai ake ce masa a layinmu. Sunan ya samo asali tun farkon buɗe shagonsa, ranar da ya zaunar da wani dillalin filaye, ya yafa masa zane, ya aske gefe guda tas. Sai ga wata mota mai lasifika tana tallar maganin ɓera. Ya ce wa dillali, "Ina zuwa," ya fita da injin aski a hannu. Bai kai ga motar ba ya tarar da wani tsoho kayansa sun zube a titi, ya durƙusa yana taya shi tsincewa. Daga nan ya tuna wayarsa tana wurin caji a ƙarshen layi. Dillali ya gaji da jira, ya fito bakin ƙofa da zane a wuya, rabin kansa yana sheƙi rabi yana nan daji, yana tambayar masu wucewa ko sun ga mai aski.

Masu zaman benci ne suka raɗa sunan, kuma har yau suna ji da kansu a kai, don ya ɗauki ma'ana biyu. Waɗannan mutane ne da aikinsu tun hantsi shi ne jan benci suna bin inuwa. Akwai wanda a cikinsu ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi kofi nauyi ba. Amma su ne alƙalan layi, su ke yanke wane ne malalaci, wane ne mai hankali.

Shi kuwa Rabin Kai siriri ne, mai fara'a, ƙafarsa ba ta daina kaɗawa ko a tsaye yake. Idan ya nutsu hannunsa yana da kyau, gyaran fuskarsa kamar an ja da zare. Nutsuwar ce ba ta zuwa lokacin da aka kira ta. Almakashi da yawa yake ajiyewa, don ko yaushe ɗaya ya shige wani wuri. Na taɓa samun guda a cikin kwandon ƙyallayena. Ya fara yi wa shago fenti, ya tsaya a tsakiyar bango, aka shekara a haka. Kana magana zai ƙarasa maka zancenka, ya ɗora nasa, sannan ya ga fuskarka ya ce, "Yi haƙuri, Tela, ci gaba." Wata rana kuma sai inji ya lalace, ya warware shi a kan tebur, ya duƙufa tun safe har rana ta karkata, bai ci ba bai sha ba, masu aski suna leƙowa suna juyawa bai ma san sun zo ba.

Jama'a suna cewa bai damu ba ne. Ni da nake bayan katako na san ya damu. Na sha jin sa bayan mutum ya fita a fusace, yana magana da kansa ƙasa-ƙasa: "Kai dai ba ka da amfani. Abu kaɗan ma ka kasa." Zagin da yake yi wa kansa ya fi na masu benci ciwo, don shi ba ya yi da dariya.

Yana da wa, shugaban sashe a wani kamfanin inshora, wanda kowa ke kira Manaja. Mutum ne mai biro a aljihun gaba, mai duba agogo yayin da kake gaishe shi. A wurinsa duk abin da ke damun ɗan Adam, daga talauci har ciwon baya, rashin tarbiyya ne. Kafin ƙanen ya fara aski, Manaja ya taɓa samo masa aikin masinja, aka sallame shi bayan ya bar fayil a motar haya. Ya samo masa aikin sito, aka sallame shi bayan ya tafi gida ya bar ƙofa a buɗe. Duk sallama da huɗubarta, kuma Manaja ba ya huɗuba sai da 'yan kallo. A bakin shago yake tsayawa, ya jira benci ya cika, sannan ya fara.

"Nono ɗaya muka sha, gida ɗaya muka tashi. Ni me ya hana ni lalacewa? Ka sa wa ranka kawai."

Rabin Kai yana sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Yaya." Kamar bai taɓa tunanin sa wa ransa ba sai da aka gaya masa.

Abin da ya fi muni ya faru ne a kan mahaifiyarsu. Tsohuwa tana fama da ciwon gwiwa, ranar ganin likitanta Manaja yana da taro, sai aka ɗora wa ƙane. Ya kai ta lafiya, ta ga likita, ya zaunar da ita a bencin harabar asibiti ya ce bari ya samo abin hawa. A bakin ƙofa ya haɗu da wani tsohon abokin makaranta da motarsa ta mutu. Suka tura, suka nemi makanike, hira ta yi daɗi, ƙafa ta kawo shi shago. Har ya yi wa mutum biyu aski. Ina jin lokacin da injin ya tsaya cak, sai wani sauti ya fito daga bakinsa kamar an naushe shi a ciki. Ya wuce ta gabana da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya same ta inda ya bar ta, rana ta dawo kanta, ba ta iya tashi ta koma inuwa ba. Ya durƙusa yana kuka. Ita ce ma ta riƙa shafa masa kai tana cewa, "Tashi, mutane suna kallo. Haka ubanku yake. Ya taɓa manta ni a tasha, kana goye a bayana."

Wannan magana ta fi mantuwar ɓata wa Manaja rai, don hoton mahaifinsu da ya rataye a ofis na mutum ne mai tsari. Ya ce tsohuwa ta fara rikicewa. Ya kuma riƙe zancen asibiti kamar sanda. Ko gardamar ƙwallo ake yi sai ya zaro shi.

Rabin Kai yana da 'ya ɗaya, ana ce mata 'Yar Tsalle, tana firamare. Ganin ta sau ɗaya ya isa ka san 'yar wa ce. Takalmin makaranta ba ya yin zango a ƙafarta, aikin gida yana jaka ba a taɓa ba, bulala kuwa ta sha har ta daina kuka. Sai aka kawo wata sabuwar malama, wadda ta ajiye bulala ta aika a kira uban. Ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma fitsara take yi ba, a kai ta a duba ta a sashen yara na babban asibiti.

Shi da matarsa suka kai ta. Matar tana aiki a gidan burodi, mace ce mai ƙarancin magana, wadda ta daɗe da gane cewa makullin gida a wuyanta ya kamata ya zauna. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Likita tana yi wa yarinya tambayoyi, uban ya tashi ya karanta duk takardun da ke manne a bango, ya gyara labule, ya taɓa ma'aunin nauyi, ya amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Likita ta ɗan kalle shi ta ce, "Malam, kai ma a makaranta haka kake?"

Ya ce, "Ni ai na fi ta."

Aka yi ta kai-komo na wasu makonni, ana duba 'ya ana duba uba. A ƙarshe aka ce su biyun abu ɗaya ne, likitoci suna kiransa da haruffan Turanci, ADHD. Likita ta ce ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin so ba ne. Ƙwaƙwalwa ce da riƙe hankali a wuri guda yake yi mata wuya, abin da ke gabanta ya kan ture abin da ke jira, kuma yana yawan bin jini. Akwai magani da ke taimaka wa wasu, akwai kuma dabarun zama da shi.

Ranar da ya dawo ya shigo shagona ya zauna a kan buhun yadi. Ya ce, "Tela, ashe abin yana da suna. Shekara arba'in da wani abu ina ɗauka ni mugun mutum ne." Sannan ya ce, "Da an sani tun ina yaro..." Bai ƙarasa ba, kuma wannan karon ba mantuwa ba ce.

Kuskurensa shi ne ya gaya wa benci. Suka yi dariya har da dukan cinya. Ɗaya ya ce shi ma a rubuta masa takarda, yana da ciwon da ke hana shi tashi da safe. Wani ya ce wannan wane irin ciwo ne da ba ya hana cin abinci. Masanan nan, da ba su san inda hantarsu take ba, suka kammala bincike kafin inuwa ta matsa.

Manaja kuwa bai yi dariya ba. Ya zo da la'asar, ya shiga shago ya ja ƙofa, ya manta bangon katako ne.

"Ka lalace, yanzu ka samo wa lalacewa takardar shaida. To yarinyar ba za ta bi ka ba. A haɗa kayanta ta dawo gidana. Zango ɗaya a hannuna za ta miƙe."

Na tsayar da keke. Na san amsar da na saba ji, ina jiran ta.

"Ba za ta je ba, Yaya."

"Me ka ce?"

"Na ce ba za ta je ba. Ni an miƙar da ni. Kai ka yi, malamai sun yi, da wayar wuta, da bel. Ga ni a gabanka. Me ya miƙe?"

"Kai da ka bar uwarka a rana kake gaya mini yadda ake riƙon yaro?"

Sai na ji Rabin Kai ya ce, "Na bar ta. Har in mutu ina tunawa. Amma ba don ba na son ta ba ne, ita ta sani. 'Yata ba za ta girma tana zagin kanta ba."

Manaja ya fito ya buga ƙofa, har madubin ƙanensa ya karkace. Ya daina gaishe shi, ya hana 'ya'yansa zuwa aski.

Ba zan ce Rabin Kai ya zama wani mutum daban ba. Ya juya kujerar aski ta ba titi baya, ya sa labule mai kauri a ƙofa, ya kyautar da talabijin ɗin shago. Ya ɗaure almakashi da igiya a jikin tebur kamar akuya. Wayarsa tana ƙara a kai a kai tana tuna masa abubuwa, wani lokaci ya kashe ta ya manta abin da ta tuna masa. Magani yana taimaka masa idan an samu, ba kullum ake samu ba. Har yanzu yana makara, har yanzu matarsa tana gajiya, wani lokaci ta faɗa masa a fuska. Yarinyar an dawo da ita kujerar gaba, malama ta ba ta aikin raba littattafai da goge allo don ta samu dalilin tashi. Sakamakonta ya ɗago kaɗan. Takalmi dai ana nan ana saye. Abin da na daina ji ta cikin katako shi ne zagin nan na ƙasa-ƙasa.

Bara kamfanin su Manaja ya tura shugabannin sashe wani taron bita a otal, kan yadda ake tafiya da ma'aikata masu irin wannan ƙwaƙwalwa. Wani baƙo mai kwat ya yi musu jawabi da majigi, aka raba huluna. Abin da ƙanensa ya faɗa da hawaye bai shiga ba, amma da ya fito daga bakin mai kwat, da sanyin na'ura da abincin rana, sai ya zama ilimi.

Ranar hutu sai ga shi a layinmu da hular a kai. Ya tsaya gaban benci yana bayani, yana jero haruffan da ƙarfi kamar shi ya ƙirƙiro su. Ya ce jahilci ne ke sa mutane tsangwamar irin waɗannan bayin Allah. Ya ce shi tun suna yara ya lura da ƙanensa, shi ne ma ya ba da shawarar a je asibiti. Masu benci suka yi ta gyaɗa kai. Wanda ya nemi takardar barcin safe shi ya fi kowa gyaɗawa.

Matar Rabin Kai tana dawowa daga aiki ta tarar da taron. Ta tsaya ta saurara da jakarta a kafaɗa, har ya kai aya. Sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya. Hular ta yi maka kyau." Ta wuce.

Manaja ya ɗauka yabo ne. Ya ɗaga labule ya shiga shagon ƙanensa ba sallamar kirki, ba neman gafara, ya cire hula ya zauna a kujera, ya ci gaba da jawabi yana kallon kansa a madubi. Rabin Kai ya yafa masa zane, ya kunna inji, ya bar shi yana ta faɗa. Daga baya na tambayi Rabin Kai ko abin bai ƙona masa rai ba. Ya ce ya ƙona, amma tsohuwa ta daɗe tana son ganin su a ɗaki ɗaya, kuma ba ta da sauran ƙarfin jira.