Turken Jirgin Tsohon Masunci

Kafin a naɗa ni gwamna injiniya ne ni, kuma aikina na farko shi ne shingen ƙasar da ke tare ruwan kogi kada ya ci gonakin shinkafa, can ƙasa da Gaya, wajen Tunuga. A nan na haɗu da wani tsohon masunci da ya mai da musu da ni sana'a. In na kafa sandar awo na ce bana iyakar ruwa ke nan, sai ya tofar da goro ya ce, “Ɗan lekol, takardarka ta makaranta ba ta iya iyo ba.” Ya je ya buga turken jirginsa taku goma sama da sandata. Sau biyu kogi ya bi maganarsa, sau ɗaya ya bi tawa, wannan ɗayan kuwa har yau bai amsa shi ba. Yana ba ni haushi ƙwarai, amma kwano ɗaya muke sa hannu.

Kujerar gwamna ta raba ni da musu. Ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, biro, wato ofishina, gaba ɗaya zai ɗauka da “haka ne”. Abinci ni kaɗai, jandarma na gadi a bakin ƙofa. Kaɗaici ya ishe ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Da rangadi ya kawo ni Gaya, na sa aka bi da ni ta shingen. Masuncin yana nan, ya ƙara tsufa, yana gyaran taru. Yana ganina ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Baba, tashi mana, ni ne fa.”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Sai na ɗana masa tarko. Na nuna wani wuri can ƙasa, kusa da turkensa, inda kowa ya san ruwa zai mamaye, na ce bana nan kogi zai tsaya. Na jira ya tofar da goron nan.

Ya dubi wurin, ya dubi jandarman da ke bayana.

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

Sai da motarmu ta yi nisa na waiwaya. Ya tumɓuke turken, yana hawa tudu da shi a kafaɗa.