Hannun Hagun Yayana

A shekarar da aka fara shari'ar Musulunci na dawo Dutse da zama, bayan na daɗe ina fatauci tsakanin Kartum da Jidda da Duwala. Na tarar yayana, limamin masallacin layinmu a Limawa, ya daina jan salla. Na'ibinsa ke ja, mutane na cewa tsufa ne.

Wari ne ya fara tarbata a ɗakinsa. Na taɓa kwana a jirgin ruwa cikin buhunan busasshen kifi, na ratsa mayanka da tsakar rana a garuruwa da dama, amma ban taɓa jin wari irin wannan ba. An naɗe hannunsa na hagu da tsumma an ɗaure masa a ƙirji. Da na ɗaga tsumman sai na ga sawun ƙaho shida a kafaɗar, uku sun ruɓe suna fitar da mugunya, an shafe su da man shanun da ya yi tsami, ƙudaje na bi.

Aikin wanzamin gidanmu ne, wanda ubansa ya yi mana kaciya. Ya ce mataccen jini ne ya kwanta a kafaɗar. Kowa a gidan ya san Yaya na da ciwon sukari, har an daina sa masa a koko, amma babu wanda ya tuna cewa mai sukari ba ya saurin warkewa in an tsaga shi. Duk sanda ya yi nishi sai a ƙara matse ɗaurin, wai kada ya motsa. Wata biyar ana haka.

Na ce, "Yaya, me ya hana ka limanci? Ko da hannu ɗaya ai kabbara ta yi."

Sai da matarsa ta fita ya amsa. "Ba kabbara ba ce. Hannun ba ya kaiwa baya. Da dama nake tsarki." Ya dubi hannun daman kamar na wani. "Da shi nake cin tuwo, da shi nake musabaha. Ba zan tsaya gaban mutane a haka ba."

Na ce lalura ce, kuma ya fi ni sanin hukuncinta. Ya ce ya sani, ƙyamar kansa yake yi.

A asibiti aka wanke ciwukan, aka daidaita sukarin, sannan aka tura mu sashen gashin ƙashi. Mai aikin wata Kirista ce daga Filato, kuma Yaya ya ce mace ba za ta taɓa shi ba. Ta ce, "Ba komai, Baba. Ƙanenka zai ara mini hannunsa." Ni na riƙa ɗaga masa hannun yadda take nuna mini, hancina dab da ciwukan.

Ta ce, "Baba, ƙashinka lafiya ƙalau. Wata fata ce da ta lulluɓe gaɓar daga ciki ta tsuke, kuma masu sukari ta fi kamawa. Zafin da kake ji ba yagewa wani abu yake yi ba. Ɗaurin nan shi ya ƙara sanƙarar da ita. Ka motsa har inda ya fara ja, ka tsaya ka ƙirga goma. In zafin ya kai gobe, ka yi da yawa, sai ka rage."

"Har yaushe?"

"Yana iya kai shekara."

"Wanzami kwana bakwai ya ce."

"To Baba, yau kwana nawa?"

A Jidda na ga ana wannan aiki da injina masu igiya da kujeru na musamman. Ita rawaninsa ta nema. Ta ce ya sako shi ta bayan kafaɗarsa, ya kama ƙasan da hagu, ya riƙa ja sama da dama a hankali. Ta kuma ce ya riƙa hawa bango da yatsu. Kullum bayan la'asar yana yi, ina sa alama da gawayi inda yatsun suka tsaya. Wani satin alamar ba ta motsawa sam, ya jefar da rawanin ya ce mu da ita duk taron banza ne, washegari ya ɗauka.

Bayan wata tara, ana shirin azahar, ya fito daga bayan gida da buta, ya yi alwala, ya wuce na'ibinsa ya tsaya gaba. Ya tayar da kabbara.

Da aka idar, wanzamin ya tsaya a ƙofar masallaci yana faɗa wa jama'a cewa haka ƙaho yake, sai a hankali yake cin jiki. Mutum biyu suka sa rana da shi a gabana, ɗaya ma na san yana da sukari. Na kama rigar mai sukarin na ce ya zo ya ga tabon da ke kafaɗar Yaya. Ya ce ya gani, ai ta nan mataccen jinin ya fita.