Inda Sandar Baba Ta Nuna

Shekara da shekaru, idan an fita duban watan azumi a unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana, maganar Baba ake kaiwa gaban alƙali. Da tsufa ya zo, ido ya fara yi masa gardama, sai aka soma ƙus-ƙus a zauruka, wai bara gajimare ya gani. Abin ya ci min rai ƙwarai. Na ce bana sai na rufe musu baki da hoto.

Lokacin ina koyar da kimiyya a sakandare. Na aro madubin hangen nesa na makaranta, na haɗa shi da kyamarata, amma ba shi da abin da zai zauna a kai. Na kwance kan keken ɗinkin matata, ban ma tsaya jin ta bakinta ba, na kai ƙafar wurin mai walda. Ya kafa mata ƙarfe mai juyawa da noti biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Mu huɗu muka hau da ita kan soro, ana yi min tsiya wai tela zai ɗinke sama.

Rana ta faɗi. Maƙwabta sun cika soron, kowa ya motsa sai madubin ya girgiza, ni kuma ina ta masifa a tsaya wuri ɗaya. Can Baba ya ɗaga sandarsa.

"Ga shi can, saman rimi."

Na juya madubin daidai bakin sandar, na ɗaure noti. Babu komai. Na kwance notin, na yi sama, na yi ƙasa. Sai da na karkata hagu sosai, wajen hasumiyar masallaci, sannan na same shi, siriri kamar yankan farce. Na danna kyamara.

"Malam, ka gan shi?" in ji mai unguwa.

"Na gan shi."

Aka ɗau kabbara, ana yi wa Baba barka. Shi kuwa ya matso kusa da ni, ya kai hannu ya shafa madubin tun daga gindi har baki, ya ji inda ya nufa. Na kasa ɗaga kai.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, bismillah, mu je a ba da shaida."

Baba ya ce, "Ku tafi da ɗana. Ni ban ga wata ba."

Ni na riƙe masa hannu muka sauka matakala.