Hannun Anti a Saman Mota

Yayana mutum ne da in ka jingina da mota a gabansa, ko ba tasa ba ce, zai yi maka kallon da sai ka tsani kanka. Mai Tocila ake ce masa a layin gareji, don ko rana ta take tsaka tocila na aljihunsa. Aikinsa shirya fentin mota kafin a shafa mata siramik, wani ruwa da ke bushewa ya zama kamar gilashi a kan fenti, ya yi shekaru bai fita ba. Ni ce auta a gidanmu, kuma ni ke kai masa abincin rana tun da matarsa ta rasu. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Shafawar, in ji shi, kowa zai iya, wahalar tana wajen shiri. Sai ya wanke mota da kumfa, ya bi jikinta da wata laka mai danƙo tana tsince kwalta da ƙurar da ta maƙale. Sannan ya tura ta wani ɗaki da ya toshe tagoginsa da baƙin yadi, ya haska tocila a karkace, duk ƙarzanen da ido bai gani a waje ya fito ɓaro-ɓaro, ya goge shi da inji. Na ƙarshe shi ne sifirit a tsumma, ya share duk wani maiƙo.

"Auta," yakan ce mini, "abin nan ba ya kama maiƙo. Kuma in bai bushe ba aka taɓa shi, shaidar ta zauna ke nan." Shi ya sa in ya shafa yake datse ɗakin da kwaɗo, ko ƙuda bai yarda ya shiga ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa jin tsoronsa ba, matarsa, wadda muke kira Anti. Kullum da safe in ya shiga tsohuwar motarsa shuɗiya, sai ta biyo shi da man shafawa sharkaf a hannu, ta dafa saman motar da hagu, ta leƙo ta taga tana lissafa masa saƙo. Ƙaramin yatsan hannun nan a karkace yake, ƙofa ta datse shi tun tana yarinya.

"Ɗauke hannunki, za ki kashe mini fenti!"

"To fentin ya dafa maka abinci," ta ce, ta ƙara dannawa.

Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu. Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba, Allah ya jiƙanta. Yaya ya tura motar ɗakin duhu, ya lulluɓe ta, ya koma tafiya a ƙafa.

Wata rana na kawo abinci na same shi ya yaye lulluɓin, yana tsaye kamar an dasa shi. Bai amsa sallamata ba, tocila kawai ya miƙo. A saman motar, daidai kan ƙofar direba, ga tafin hannu nan na maiƙo, yatsu biyar, ƙaramin a karkace.

"Ranar da ta kwanta ciwo ban goge ba," ya ce. "Zan rufe shi da siramik, ya zauna."

Amma ya fi kowa sanin matsalar. In ya share maiƙon, hannun ya tafi. In bai share ba, siramik ba zai kama ba, zai ɓare ya tafi da hannun. Ga shi zafin ɗakin yana cin shaidar a hankali, kullum yatsun na ƙara dusashewa. Abin da ya rage masa na jikinta ke nan a duniya, ga shi yana gushewa a kan idonsa.

Sai ya kife wani ƙaramin kwano a kan wurin, ya shiga aikin sauran motar. Ya wanke, ya bi da laka, ya goge, ya sake gogewa, har motar ta koma kamar ruwa. Masu kawo aiki suka gaji suka koma wani gareji. Ni kuwa na tsani ɗakin nan. Da zarar na sa ƙafa ƙamshin man shafawar Anti ke bugun hancina, alhali ni na kwashe kwalaben na bayar. Sau da yawa daga bakin ƙofa nake jin muryarsa ƙasa-ƙasa, ya yi magana, ya yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ya yi dariya.

"Yaya, wallahi ka fara ba ni tsoro. Da wa kake hira?"

"Da fenti," ya ce.

Fenti! Ni zai raina wa hankali. Na dire masa kwanon abincin na fita.

Ranar da abin ya faru ya kai matakin sifirit. Ya ɗauke kwanon don ya share gefe-gefen wurin, kuma ranar ya tashi da fara'a. Yana ba ni labarin yadda Anti ta taɓa ɓoye masa tocila a tukunya, ya wuni yana zargin maƙwabta. Muna ta dariya har da hawaye, tsumma na hannunsa. Idonsa ya faɗa kan dishi-dishin maiƙo, hannunsa da ya yi shekara da shekaru bai bar tabo a kan fenti ba ya tafi da kansa. Sharewa ɗaya, ya goge hannun Anti.

Dariyar ta mutu a bakinsa. Ya haska ta nan, ya haska ta can, ya durƙusa, ya miƙe. Wurin tas, sai fuskarsa a ciki. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar ranar ba, na fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar.

Shi bai yi kuka ba. Ya ce, "To, yanzu zai kama." Ya ɗauko kwalbar siramik ya shafe motar gaba ɗaya a nutse, ya fito, ya datse kwaɗo, ya danƙa mini makullin.

"Riƙe. Kada in kasa haƙuri in shiga bai bushe ba."

Makullin a jakata ya kwana, kuma babu na biyu. Washegari da rana na buɗe da hannuna, muka shiga tare. Ƙamshin man nan ya tare mu. Yaya ya haska saman motar.

Hannun na nan. Ba dishi-dishi ba, a nutse cikin siramik ɗin, har zanen tafin ana gani, ƙaramin yatsa a karkace. Ya sa tsumma da sifirit ya murza da ƙarfi, ko gezau. Na kama salati.

Shi kuwa murmushi ya yi. "Ba na ce kada a taɓa sai ya bushe ba?" ya faɗa a hankali, kuma ba da ni yake ba.

Na ja da baya zan gudu, na zagayo ta ɗaya gefen. Hasken tocilarsa ya ratso gilashi ya sauka kan mariƙin ƙofar gaba, ta gefen mai zaman banza, kujerar kusa da direba. A nan ma akwai shaidar yatsu huɗu, a lanƙwashe, yadda mutum ke kamawa in zai buɗe ya shiga.

Yaya ya koma aikinsa, masu motoci sun dawo, har ƙiba ya yi. Kullum da safe yana fitowa da shuɗiyar motar, gilashi a ɗage, bakinsa na motsi. In ya gan ni a hanya yakan tsaya ya rage mini hanya, bai kuma taɓa ce mini ga inda zan zauna ba. Ni dai baya nake shiga.